Gyaran Turanci Daga Nahawun Hausa Ya Kamata Ya Fara

Unguwannin Gyadi-Gyadi da Tarauni suna cikin wuraren da aka fi aiki da takarda a birnin Kano. A Titin Kotu Babbar Kotun Tarayya take, ga ofisoshin lauyoyi nan kusa da ita. A bakin Titin Zariya ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, inda likitoci da ɗalibansu suke rubuce-rubuce dare da rana. Daga nan har Kasuwar Tarauni kuwa makarantu ne birjik, na gwamnati da na kuɗi, da shagunan da ake buga wa mutane takardun neman aiki da na rantsuwa da na yarjejeniyar haya. Da Hausa ake gaisawa a waɗannan wurare, da ita ake ciniki, da ita ake faɗa a kuma shirya, amma da zarar magana ta hau takarda sai ta rikiɗe ta koma Turanci. To, wajen wannan rikiɗa ne ake yin ɓarin da yake jawo wa mutane da yawa asara ba tare da sun sani ba.

Asarar kuwa ba ƙarama ba ce. Ɗalibin da bai sami kiredit a Turanci ba, ƙofar jami'a a rufe take gare shi, kome yawan makin da ya ci a sauran darussa. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta wajabta takardar Turanci a kan kowane mai neman shiga, ko likita yake so ya zama ko malamin Larabci. A watan Agusta na 2025 hukumar WAEC ta fara bayyana cewa kashi 38 cikin 100 ne kaɗai na waɗanda suka zauna jarrabawarta suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Bayan 'yan kwanaki ta gano kuskure wajen ba da maki, ta gyara adadin ya koma kusan kashi 63. Ko da wannan gyara, fiye da mutum ɗaya cikin kowane uku ya koma gida ba da abin da ya je nema ba. Haka kuma ma'aikacin da takardarsa take cike da kurakurai, sau da yawa akan tsallake shi a ba na bayansa aiki mai muhimmanci, ba wanda zai gaya masa dalili.

Abin da ya kamata malamai da iyaye da shugabannin ma'aikatu su lura da shi shi ne, kurakuran nan suna da asali, kuma ana iya ƙidaya su. In aka tara rubutun ɗalibai ɗari na ƙasar Hausa, za a tarar kusan a wuri ɗaya duk suke tuntuɓe. Dalili kuwa shi ne yaron da Hausa yake tunani, sa'an nan ya ɗauki kalmomin Turanci ya jera su bisa ƙa'idar Hausa. Watau ginin na Turanci ne, harsashin na Hausa. Saboda haka mai son gyara tilas ne ya san harsashin, ya nuna wa yaro inda harsunan biyu suka yi tarayya da inda suka raba hanya.

INDA HANYA TA RABU

A ɗauki jimla mafi sauƙi. Bahaushe ba ya cewa "Musa tafi", dole ya ce "Musa ya tafi", domin a Hausa ko an ambaci suna sai an biyo shi da lamirinsa. Wannan ƙa'ida ce take bin ɗalibi har cikin ɗakin jarrabawa, ya rubuta "My father he is a trader", alhali Turanci ba ya yarda a haɗa suna da wakilinsa a wuri ɗaya, "My father is a trader" ya wadatar. Malamin da ya ja jan biro a kan kalmar ya wuce, gobe zai sake ganinta. Wanda ya tsaya ya ce wa yaro wannan "ya" ce ta Hausa ta biyo ka, ya kashe kuskuren daga tushe.

Sha'anin lokaci ma haka yake. A Hausa lamiri ne yake nuna lokaci, aikatau yana nan yadda yake: ya karanta, zai karanta, yakan karanta. A Turanci kuwa aikatau ne da kansa yake sauya kama, "go" ya koma "went" ya koma "gone". Yaron da bai gane wannan ba zai rubuta "He go yesterday". In aka tsawata masa ba tare da bayani ba, sai tsoro ya sa ya wuce gona da iri ya rubuta "Did you went?", bai san cewa "did" ta riga ta ɗauke nauyin shuɗaɗɗen lokaci ba, kamar dai yadda lamiri yake ɗauka a Hausa. Daga wannan rami ne kuma ake samun "She have" da "He don't", saboda Hausa ba ta sauya aikatau don mai aikin tilo ne ko jam'i.

Akwai kuma ƙananan kalmomin nan "a" da "the", waɗanda suke ba manya ma wahala. Bahaushe yakan ce "Malami ne", ba ya bukatar ƙari, don haka sai a ji "He is teacher". Amma Hausa tana da abin da zai taimaka, in an san shi. Kowane yaro a Tarauni ya san bambancin "na sayi littafi" da "na sayi littafin", ya san na biyun littafi ne da aka riga aka yi zancensa. Wannan ɗan harafi na ƙarshe, wanda masana nahawu suke kira madanganci, yana yin kusan aikin da "the" take yi. Darasin da ake shafe zango guda ana maimaitawa, ana iya buɗe ƙofarsa cikin minti goma ta wannan hanya.

A ofisoshi kuwa kuskuren da ya fi yawa shi ne na jam'i. Hausa tana da shawara da shawarwari, bayani da bayanai, kaya da kayayyaki, saboda haka akawu ba ya jin ɗar in ya rubuta "advices" da "informations" da "equipments" da "furnitures". Bature kuwa yana ɗaukar waɗannan a matsayin abubuwan da ba a ƙirgawa, kamar ruwa ko gari, ba a yi musu jam'i. Daɗin daɗawa ga "discuss about" da "comprise of" da "reply my letter", inda ake cusa ƙaramar kalma a wurin da ba a bukatarta, a cire ta a wurin da ake nemanta. Ga kuma rikita "been" da "being", har ya zama takardar neman aiki tana ƙarewa da "if my application is been considered", mai karɓar takarda ya ajiye ta gefe tun bai kai ga duba shaidar karatu ba.

Wani babban ramin shi ne na kalmar Hausa guda mai ma'anoni da yawa. Da "ji" Bahaushe yake jin magana, ya ji wari, ya ji zafi, ya ji Larabci, alhali Turanci yana da kalma dabam ga kowanne. Da "sha" ake shan ruwa da magani da iska da wahala. "Ara" tana aiki ga mai bayarwa da mai karɓa, shi ya sa "ara mini biro" take komawa "Borrow me your pen" maimakon "Lend me your pen". "Ina da mota" takan koma "I am having a car", saboda "ina" ta saba tafiya da aikin da ake cikin yi. "Ko ba haka ba?" kuwa ita ce ta haifi "isn't it?" ɗin da ake liƙa wa ƙarshen kowace jimla. Har lafazi yana shiga rubutu: da yake Hausa ba ta bambanta "p" da "f", sai ka ga an rubuta "fast questions" a jikin takardun tsofaffin jarrabawa, ko "pull" a wurin "full".

Mafi hatsari duka shi ne amsar tambaya mai korewa. In aka ce wa Bahaushe "Ba ka sha maganin ba?", in bai sha ba zai ce "I, ban sha ba", watau yana gaskata mai tambaya. Bature kuwa a irin wannan hali "No" zai ce, domin shi aikin yake amsawa, an yi ko ba a yi ba. To, a ƙaddara likita baƙo ya tambayi majiyyaci "Didn't you take the medicine?", shi kuwa ya ce "Yes" yana nufin bai sha ba. Likita zai rubuta an sha magani bai yi aiki ba, ya ƙara ƙarfinsa ko ya sauya wani. A ƙaddara kuma a gaban alƙali aka yi wa mutum irin wannan tambaya game da kuɗi ko game da inda yake a daren da aka yi ɓarna. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda ake tuhuma da laifi damar samun tafinta kyauta in ba ya jin harshen da ake shari'a da shi, amma sau nawa ɗan boko yake jin kunyar neman tafinta don kada a ce bai iya Turanci ba? Kalma guda a nan tana iya raba mutum da lafiyarsa ko da 'yancinsa.

Ba a ko'ina Hausa take zama cikas ba, akwai wuraren da take zama tsani. Bahaushe ba ya rikita "he" da "she", domin harshensa ya bambanta shi da ita, abin da Yarbanci da Ibo ba su yi ba. Hausa ta bambanta "suna son kansu" da "suna son juna", saboda haka wanda ya koma ga Hausarsa ba zai rubuta "they love themselves" yana nufin ma'aurata masu ƙaunar juna ba. Haka nan ba wanda yake cewa "ɗaya daga cikin abokina", kowa "abokaina" yake cewa, to me zai sa a rubuta "one of my friend"? Irin waɗannan kurakurai daga bakin wasu aka kwaso su, maganinsu kuwa yana nan a gida.

KUSKURE DABAM, SALON ƘASA DABAM

Wajibi ne kuma mai gyara ya san iyakarsa, kada ya mai da kome kuskure. Turanci ya daɗe a ƙasar nan har ya yi 'ya'ya. Tun 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa, harshen da ya wuce shekara ɗari a wuri kuwa dole ya ɗauki ƙamshin wurin. David Jowitt, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero, ya wallafa littafi sukutum a 1991 a kan yadda 'yan Nijeriya suke sarrafa Turanci. A Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Nijeriya, cikinsu har da "Kannywood" da "okada" da "next tomorrow", a Janairun 2025 kuma "suya" ta bi sahu. Wanda ya ce wa mai aiki "Well done" yana nufin sannu da aiki, ladabin ƙasarsa ya zuba a harshen baƙi, ba abin kunya a ciki.

Amma shigar kalma ƙamus bai halatta rushe nahawu ba. Ƙamus ya karɓi "suya", bai karɓi "She have" ba, mai duba takardar jarrabawa ma ba zai karɓa ba. Abin da ɗalibi yake bukata shi ne a raba masa kaya kashi uku: ga kuskure tsantsa wanda ba ya karɓuwa ko'ina, ga salon gida wanda ya dace da hira amma bai dace da wasiƙar ofis ba, ga kuma daidaitaccen Turanci wanda za a fahimta a Legas da Accra da London. Wanda aka ce masa kome nasa kuskure ne, ƙarshenta zai kama bakinsa ya daina magana gaba ɗaya.

Akwai masu ra'ayin cewa hanya mafi sauri ita ce a kori Hausa daga harabar makaranta, duk yaron da ya furta ta a ci shi tara ko a yi masa bulala. An daɗe ana gwada wannan, kurakuran da aka lissafa a sama kuwa suna nan daram, domin ana iya hana baki Hausa, ba a iya hana zuciya. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Jami'ar Ife daga 1970 ya nuna wata hanya: an koyar da yara dukkan darussan firamare da Yarbanci shekara shida, aka ba su Turanci a matsayin darasi a hannun ƙwararren malami, ba su kuwa kasa takwarorinsu a Turancin ba, a wasu darussan ma sun fi su. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta amince a fara firamare da harshen gida. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta ce a kai shi har aji shida, sa'an nan a Nuwamban 2025 Ministan Ilimi ya ba da sanarwar soke wannan tsari da komawa ga Turanci. Ko wane gefe mutum ya goyi baya a wannan ja-in-ja, abu guda bai sauya ba: yaron da zai shiga aji gobe da safe a Gyadi-Gyadi da Hausa ya kwana, da ita ya tashi. Ko da Turanci ake koyarwa, malamin da ya san nahawun Hausa ya fi wanda bai sani ba makamin gyara.

Ma'aikatan gwamnati kuma suna da tasu cutar, watau son manyan kalmomi. Akwai mai ganin wasiƙa ba ta cika ba sai ya jera jimla mai layi shida, ya cusa mata kalmomin da shi kansa sai ya duba ƙamus, kafin ya kai ƙarshe ya manta da wane suna ya fara, aikatau ya saɓa da mai aikinsa. Ya kamata a tuna da magabata. Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya a Oktoban 1960 duniya ta saurara, malamin makaranta ne, shi ne kuma ya rubuta Shaihu Umar da Hausa tsantsa. Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, wanda ya wakilci Nijeriya a wannan majalisa daga 1981 zuwa 1983, shi ma da koyarwa ya fara, fasaharsa a Hausa kuwa ba ta gaza ta Turancinsa ba. Ba a ji ƙwarewarsu a harshen gida ta rage musu kome a harshen baƙi ba.

ABIN YI

Gwamnatin Jihar Kano ta kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Gina azuzuwa da sayen kujeru wajibi ne, amma gyaran da ake magana a nan ba ya cin kuɗi mai yawa. Da farko, kwalejojin horon malamai, irin su Kwalejin Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso, su tabbatar duk mai shirin koyar da Turanci ya yi darasin kwatanta nahawun harsunan biyu, sassan Hausa da na Turanci su zauna tare su tsara shi. Masana harshe na Jami'ar Bayero suna iya fitar da ɗan ƙaramin littafi mai araha, wanda zai jera manyan kurakuran nan, kowanne da asalinsa a Hausa da gyaransa, a raba wa makarantu.

Na biyu, malamai su dawo da rubutun insha'i kowane mako, su duba, su sa ɗalibi ya sake rubuta jimlar da ya ɓata da hannunsa. Cike gurbi da zaɓen amsa ɗaya cikin huɗu ba ya koya wa mutum gina jimla. Shi kuma ɗalibi ya keɓe littafi guda na kurakuransa, duk wanda aka gyara masa ya rubuta shi da gyaransa, ya riƙa bitarsa. Ya lazimci karatu, ko jarida ko littafin labari, shafi biyu kullum da murya a sarari, domin kunne yakan kama abin da ido ya tsallake. Ya mallaki ƙamus na masu koyo, irin wanda yake nuna sunan da ake ƙirgawa da wanda ba a ƙirgawa. Kada ya bari sai saura wata guda jarrabawa ya ruga darasin yamma, ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, manyan ma'aikata su riƙa duba daftarin na ƙasa da su, su gyara cikin sirri da mutunci, su karɓi gyara su ma in ya zo daga ƙasa. Gajeriyar jimla mai ma'ana guda ta fi doguwa mai ɗingishi. Masu shagunan buga takardu na Titin Kotu da kewaye su ɗauki al'adar karanta wa mai takarda abin da aka buga, su fassara masa da Hausa kafin ya sa hannu, musamman takardar rantsuwa da ta cinikin fili. Kada kuma a dogara ga kwamfuta ko wayar hannu kaɗai, domin na'ura tana iya wuce "fast" a wurin "past", tunda duka biyun kalmomi ne na gaske, ita kuwa ba ta san abin da ke zuciyar mai rubutu ba.

Daga ƙarshe, jama'a su rage dariyar ƙeta. Ya zama ruwan dare in wani ya kwafsa a taro ko a rediyo a ɗauki maganarsa a yi ta yawo da ita a wayoyi, masu dariyar kuwa da za a ba su takarda da biro, da yawansu a rami ɗaya za su faɗa. Turanci harshe ne kamar kowane harshe, iya shi ba shi ne hankali ba, rashin iya shi kuma ba wauta ba ne. Amma tunda shi ne harshen jarrabawa da na manyan kotuna da na fayil ɗin ofis, sakaci da shi sakaci ne da haƙƙin kai. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ɗan Gyadi-Gyadi da ɗan Tarauni suna da harshe mai cikakken nahawu a bakinsu tun suna goye. In aka koya musu su san ƙa'idojinsa, aka ɗora Turanci a kai, za su rubuta wasiƙar da ba mai ajiye ta gefe. Allah ya ba malamai haƙurin gyara, ya ba ɗalibai juriyar karɓa.